Gidan da Zai Bi Ku Duk Inda Aka Tura Laftanar

Abu Hail, Dubai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai ɗauke da fatan alheri gwargwadon abin da takarda za ta iya ɗauka ba ta yage ba, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kariyarSa, ko da yake na san a ɗakin da ke kallon nawa za ta same ki, taku huɗu tsakani. Za ki ce me ya hana ni buɗe baki in faɗa. Dalili shi ne, duk ran da na miƙe zan yi jawabi a gidan nan, kafin in kammala muƙaddima Mamanku ta aike ni sayen albasa. Takarda kuwa ba ta katse mutum.

Mai rubutu shi ne mahaifinki, Sajan mai murabus, ma'aikaci a kamfanin tura kaya ta ruwa a unguwar Port Saeed ta nan Dubai, wanda ƙaddara ta mayar suruki yana da shekara arba'in da biyar kacal, gashin kansa bai ko zauna shawarar yin furfura ba. Abin da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, mijin naki Laftanar ne. A ƙa'idar aikin da na baro, ni zan ƙame in sara masa. A ƙa'idar gidanmu, shi zai durƙusa ya gaishe ni. Ranar ɗaurin aure mun zartar da ƙa'idojin biyu a lokaci guda, kin dai ga hoton.

Wata huɗu ke nan da aurenki da Laftanar Nura, kuma wata huɗu ke nan ina yawo da nauyi a ƙirji. Shi yana can Najeriya, sunansa a ƙasan jerin masu jiran ɗaki a bariki. Masu gidajen haya na son kuɗin shekara cur, alhali sigina, wato takardar da ke tashin soja daga wani gari zuwa wani, ba ta san shekara ba. Ke kuma kina nan da aikinki na kantin magani, kina ce mini, "Abba, bari ya zauna wuri ɗaya tukuna, sai in bi shi." Na bar ki a kan ra'ayinki, don ba na so a ce na gaji da ke. Amma na san abin da ba ki sani ba. Soja ba ya zama. Wadda ta ce sai ya zauna za ta bi shi, aurenta zai ƙare a cikin waya, ana tambayar juna ko murya na fita. Wannan shi ne tsorona.

Sai ga shi ranar Asabar ɗin nan da muka je garin Hatta mai duwatsu shan iska, kika tsaya kina kallon gidajen nan masu taya da masu hutu suke janyowa da mota. Kika daɗe. Sannan kika juyo kika ce, "Abba, ashe gida ma yana iya bin mutum."

Na ce, "Yana iya wa, in an zaɓe shi da hankali."

Kika ce, "To ni ma zan bi shi. Ka nemo mana irin wanda za mu iya saye."

Mamanku ta ajiye fulas ɗin shayi ta ce, "Baban Ummi, mene ne a idonka?" Na ce iskar dutse ce. Ina so ya shiga tarihi cewa ranar babu iska ko kaɗan. Alhamdu lillahi. Tun daga lokacin nake cin abinci har da ƙari.

To amma tun da kin ɗora mini alhakin zaɓe, wajibi ne in bayyana miki cewa mashawarcin naki ya yi digirinsa ne a fannin kuskure, kuma Mamanku ce ta biya kuɗin makarantar. Ga bayanin dalla-dalla.

Lokacin da na auro ta ina kofur, iyayenta suka yi mata kayan ɗaki na fita kunya: gado mai rumfa, sif mai ƙofa huɗu, da kwanukan da za su ciyar da bataliya. 'Yan jere suka kwana biyu suna fama, aka yi guɗa, kowa ya yaba. Wata shida, sigina ta zo. Da muka isa sabon bariki, sif ɗin ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, ta tsaye ya ƙi, ta kwance ya ƙi. Na nemo zarto na rage masa tsawo da hannuna. Mamanku tana zaune a kan akwati tana kallona har na gama, sannan ta ce, "Sannu, kafinta. Sai ka rubuta wa Babana ka faɗa masa." Ban rubuta ba har yau.

Za ki ɗauka wanda ya ga wannan ya warke. Ina! Watan da ya wuce na shiga wani kantin kayan ɗaki a Deira, na ga gado mai ruwan zinariya, kansa kamar ƙofar gari, na ce a ajiye wa 'yata. Na nuna wa Alhaji Sabo hoton, abokin nan nawa ɗan kasuwar Kano da muke loda masa kaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Sajan, wannan gado ne ko filin saukar jirgi?"

Na ce, "Alhaji, uba a Dubai, ai sai an gani a ɗaki."

Ya ce, "Za a gani kuwa, a waje, ruwa na dukansa. Ba soja ka ba ta ba? Khalas, magana ta ƙare, je ka ba su haƙuri."

Na je na ba su haƙuri. Saboda haka ki riƙe wannan: gida ake fara zaɓa, a auna ƙofarsa da tef, sannan a sayi abin da zai shiga. Ki nemi gado mai kwancewa da noti, katifa mai kyau, akwatunan ƙarfe da za su zama ma'aji yau su zama kujera gobe. Duk abin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba, ba naki ba ne. Na san gwaggonninki za su zo jere su taɓe baki, su ce ɗakin 'yar Dubai kamar na ɗaliba. Ki ce musu laifin Abba ne, ki ba su lambata. Na taɓa tsayawa fareti a rana tun safe har azahar, zan iya jure Gwaggo Lami.

Yanzu ga babban babi. Kina da shekara ɗaya da 'yan watanni muka koma garin da babu ɗaki a bariki, kamar yadda ya samu mijinki. Wani ɗan kwangila da ya gama aikin hanya yana sayar da kwantenar da ma'aikatansa suka zauna a ciki, doguwar nan mai ƙafa arba'in. Akwai gajera mai ƙafa ashirin a gefenta, amma na dube ta da raini. Na ce mutum irina, mai makoma, ba zai shiga akwatin ashana ba. Doguwar ma ta fi araha a baki, ban tambayi dalili ba. Dalilin kuwa shi ne babu mai son ta, don kowa ya san wahalar ɗaukarta sai ni.

Na sa mai walda ya fasa taga ɗaya, ya yanka banɗaki a ƙarshenta, muka tare a watan bazara. Kafin azahar Mamanku ta fito da ke a hannu, ku biyun kamar an tsamo ku daga rijiya. Ta ce, "Baban Ummi, in gasa mu ka yi niyya, ai da ka sa mana yaji." Man shanun da ke cikin kwano ya zama ruwa, kyandir ya sunkuya kamar yana gaisuwa. Daga ranar rayuwarku ta koma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, fadar tawa kuma ta zama wurin ajiye takalma.

Ki sani, ƙarfe ba ya tausayi. Kada ki kwana ko ɗaya a ciki sai an shimfiɗa soson nan mai hana zafi tsakanin ƙarfen da katakon bango, har da sama. A fasa tagogi biyu masu kallon juna don iska ta shiga ta fita. A ɗora rumfar kwano a bisa rufin, a bar tazara tsakani, inuwar ta sha ranar kafin ta iso ku. A ɗora gidan a kan bulo, kada cikinsa ya taɓa ƙasa, in ba haka ba damina biyu tsatsa za ta buɗe miki taga ta uku a ƙarƙashin gado. Kuma ƙofar kwantena ta asali daga waje ake kulle ta. A yanka muku ƙofar mutane mai sakata ta ciki. Ba zan faɗi yadda na gano wannan ba, illa dai iska ce ta rufe, kuma na makara fareti.

Duk wannan sharar fage ne. Bayan shekara sigina ta sake zuwa. Na samu tirela da ƙyar, na samu motar ƙugiya da za ta ɗaga da ƙyar da ƙyar. A sabon garin, kwamanda ya ba ni fili a bayan bariki, amma titin da zai kai mu ya yi wa tirelar kaɗan, ta kasa kwana. Muka yini a bakin hanya, masu wucewa suna tambaya ko shago za a buɗe. Da la'asar mai ƙugiya ya iso yana sauri, wai ana jiransa a wani gari. Ya ɗaga gidan yana lilo a sama, ya leƙo ya ce, "Oga, yaya zan ajiye?"

Na ɗaga hannu irin na janar a filin daga, na ce, "Yadda ta zo maka!"

Ya ajiye yadda ta zo masa, ya tafi. Mamanku ta shiga, ta tambayi matar maƙwabci ina gabas, ta shimfiɗa darduma. Can sai na ji ta yi salati. Ta fito ta ce, "Zo ka ga aikinka." A tsohon wurinmu banɗakin kudu yake kallo. Yanzu da aka juya gidan, mai zama a ciki alƙibla zai fuskanta, sak, kamar da awo aka daidaita.

Na garzaya wurin limamin bariki ina neman mafita. Ya saurare ni, ya danne dariya, ya ce malamai da yawa sun yi sauƙi in a cikin gini ne. Na dawo da fatawata ina taƙama. Mamanku ta ce, "Allah Ya saka wa Malam da alheri. Shi ya yi sauƙi, ni zuciyata ba ta yi ba. Ba zan shiga ba." Kuma ba ta shiga ba. Mako uku tana ɗaukar buta tana sallama a gidan maƙwabta, ni kuma ina bin mai ƙugiya da saƙo gari gari. Ran da ya dawo, rabin bariki suka fito kallon yadda ake juya gida saboda banɗaki. Wani kofur ya yi mini laƙabi da Sajan Alƙibla tun kafin in samu igiyar sajan, sunan kuma ya bi ni har na ajiye aiki.

Wannan darasi ba za ki same shi a wurin masu sayarwa ba, don su ba ruwansu. Gida mai tafiya ba shi da gabas na dindindin. Duk inda kuka sauka, kafin ƙugiya ta taɓa shi, ki tsaya a filin ki nemo alƙibla, ki ja layi a ƙasa da sanda. Ki duba inda banɗaki zai kalla, inda ƙofa za ta buɗe don kada ta buɗe a kan idon masu wucewa, da ɓangaren da ranar yamma za ta doka. Kada a sallami direba sai kin shiga ciki kin juya kin gamsu. In son samu ne ma, a yi banɗakin daban, ɗan ƙarami mai kwancewa, a kafa shi a gefe. Ki tanadi fallayen kwano ko zana da 'yan turaku don kewaye, saboda mu gidan da ba shi da tsakar gida ba gida ba ne, ko shanya ba za ki yi da sakewa ba. Rumfa a gaba kuma ta ishi abokan Laftanar zaure.

Game da wanda za a saya, ga hukuncin kotu. Mai tayar nan na Hatta da Laftanar ya gani a waya ya rikice, ki rarrashe shi ya haƙura. An ƙera shi ne don titin da ba shi da rami, kuma ran da wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinsa, sai dai a aiko mini in nema a nan. Doguwar kwantena kuma kin ji tarihinta. Ki ɗauki gajera. Motar da za ta ɗauke ta ba ta wuyar samu, tana shiga lungu, kuma in Allah Ya kawo ƙaruwa sai a ƙara ta biyu a gefe. Arahar gida irin wannan ba a ranar saye ake gane ta ba, a ranar tashi ake ganewa.

Jibi in Allah Ya kai mu za mu je filin da ake sayar da kwantenoni a bayan gari. Ki shiga da kanki, ki sa a rufe ki na ɗan lokaci, in kin ga ɗigon haske ta rufi, to nan ruwa zai bi. Ki shinshina katakon ƙasa, in warin magani ko na fenti ya bugi hancinki ki fito, ba mu san abin da ta taɓa ɗauka ba. Ke ma'aikaciyar magani ce, hancinki ya fi nawa ilimi. Abu na ƙarshe a nan, kuma shi ne sirrin sana'ata: kada a huda ta a Dubai. Muddin tana nan lafiyayya da takardunta, jirgi zai ɗauke ta a matsayin kwantena, kayanki a cikinta, gida ya yi dakon kayan gida. In aka fasa mata taga, ta tashi daga wannan suna, kuɗin dako ya hau. Masu walda a Kano za su yi miki duk abin da na lissafa. Kafin ta sauka kuma, Laftanar ya karɓi izinin wurin ajiyewa a rubuce, ko daga shugabanninsa ko daga mai fili. Izinin baki yana tafiya tare da wanda ya ba da shi.

Saura kuskure ɗaya, kuma a nan manyan kalmomina sun gudu sun bar ni.

Da wata siginar ta sake zuwa, na gaji. Na sayar da kwantenar ga wani mai lemo, na kai ku Kano gidan Yaya Bala, na ce ku zauna sai na samu wuri na zauna. Mamanku ta roƙe ni. Ta ce ko ɗaki ɗaya ne za ta iya, ko rumfa ce. Na ce mata ni ne na san daidai. Na ɗauka wata uku ne. Aka tura ni nan, aka tura ni can, hutu ya zo aka soke, ya sake zuwa aka soke. Sai da na shekara biyu ban taka Kano ba.

Ran da na dawo, da hantsi ne, kina tsakar gida kina wasa da murfin kwano. Na ajiye jaka na durƙusa na buɗe hannu. Kika dube ni, kika ruga bayan Mamanku kika riƙe zaninta. Ta ce, "Je ki gaishe shi mana." Kika leƙo, kika rusuna yadda aka koya miki a yi wa baƙi, kika ce, "Ina kwana, Kawu."

Kowa a gidan ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan na ce zan je in duba jakata a zaure, alhali jakar tana gabana. Kwana tara kina ce mini Kawu. Ban taɓa ba ki labarin nan ba, kuma na hana Mamanku ta ba ki. Tun daga ranar ban ƙara tafiya ko'ina na bar ku ba, har zuwanmu ƙasar nan sai da na tabbatar za a ba ku biza kafin na sa hannu a takardar aiki.

Saboda haka, Ummi, ki tafi. Gidan zai yi ƙanƙanta, za ki yi kewar lif ɗin hawa bene da sanyin na'ura, wata rana za ki zauna a kan akwati ki ce me ya kai ni. In aikinsa ya kai shi inda ba a zuwa da iyali, wannan dole ce, ki yi haƙuri ki yi addu'a. Amma duk inda aka yarda mace ta bi mijinta, ki ja layinki a ƙasa a sauke muku gida. Ina so jikokina su san uban da ya haife su tun daga ƙarar takalminsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya kai kayanki lafiya ta ruwa da ta tudu. Allah Ya tsare Laftanar a bakin aikinsa, Ya dawo miki da shi duk fitar da zai yi. Allah Ya sa albarka a kowane fili da za ku sauka, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya sanyaya muku rufinku. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini shekara biyun nan.

Wassalamu alaikum.

Naki har kullum,
Abbanki.